Mutumin da Ya Kulle Famfo don Kada Ya Tsufa

An yi wani mutum a wani ƙauye, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa cewa ya ɗauki allurar wani ba. Na fara da wannan ne don kada ku gyara zama ku ce yau za a ba mu labarin ɓarawo. Da ɓarawo ne da abin ya zo da sauƙi, don shi ɓarawo ya san abin da yake yi, wata rana ma yakan ji kunya.

Shekara talatin ya yi yana masinja a wani ofis a birni. Aikinsa ya share tebur, ya goge gilashin taga, ya ƙame a bakin ƙofa idan shugaba zai wuce. A nan ya koyi karatu guda ɗaya tak, ya kuma haddace shi: abin da idon babba ya gani, shi ne abin da ya faru. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauye da akwatinsa da wani baƙin takalmi da ƙura ba ta kwana a kansa. Sunansa ba zan faɗa ba, don 'ya'yansa na nan da rai, ɗaya daga cikinsu ma tana gaishe ni. Mu kira shi da sunan da aka laƙaba masa daga baya, Mai Makulli.

Ƙanwata a ƙauyen take aure, ita ta ba ni labarin. Wanda ya san ta ya san ba ta rage zance, sai dai in ta ƙara. Na tace abin da ta ƙara, ga abin da ya saura.

Ya 'yan uwa, mutanen ƙauyen nan ruwan kogi suke sha. Tafiyar kusan awa guda ce, zuwa kaɗai. A sama ana wanki, a ƙasa shanu na shiga har ciki, a tsakiya mata na ɗiba. Ruwan idan kika zuba a kofi sai ki rantse shayi ne aka sa wa madara. Mace ta tashi da safe ta yi sawu biyu, kafin ta dawo rana ta take, ga girki yana jira, ga yara. Su maza ba su san nisan kogin ba. A buta suke ganin ruwa, suna tsammani a nan yake tsirowa.

Sai wata shekara aka ce gwamnati za ta raya ƙauyuka. Kowa ya ce to, mun saba ji. Amma wannan karon, a faɗi gaskiya ko da ba a saba ba, sun zo. Aka kankare hanya aka zuba mata tsakuwa. Aka sa wa makaranta sabon kwano. Sannan wata ƙatuwar mota ta shigo ta kwana tara tana haƙa ƙasa a tsakiyar gari, har ruwa ya yi tsiri. Aka zura inji a cikin rijiyar, aka kafa tanki a kan ƙarfe, aka jera farantai masu shan rana, waɗanda ake kira sola, aka yi dakali na siminti da kan famfo shida. Aka zagaye wurin da waya, aka sa ƙofar ƙarfe shuɗiya da kwaɗo.

Ma'aikatan suka ce a ba su mutum ɗaya mai amana da zai riƙe makulli. Dattawa suka zauna a gindin bishiya suka yi shawara. Mata ba a kira su ba, su da za su ɗebi ruwan. Aka duba aka duba, aka ce ai ga tsohon masinja, ya san aikin gwamnati, kuma hannunsa ba ya ɗauka. Aka damƙa masa.

Watan farko gari ya yi kamar an sake shi. Tsofaffin da suka yi shekaru ba su ga ruwa fari ba suka riƙa ɗaga kofi suna kallon rana ta cikinsa. Kayan makaranta suka dawo da launinsu. Mata suka samu lokacin zama, har faɗa biyu aka yi a layin famfo saboda hutu ya yi yawa. Shi kuma Mai Makulli yana buɗewa da safe, ya rufe da yamma, ya share, ya goge. Har nan babu laifi.

Rannan wani matashin jami'i ya zo dubawa, da jaka a hammata. Ya tarar an wanke dakali, kawunan famfo suna walƙiya. Ya ce, "Baba, ƙauye goma sha ɗaya na zaga, ban ga wuri mai tsabta kamar wannan ba." Ya tsayar da shi a bakin ƙofa ya ɗauke shi hoto, ya hau babur ya tafi. Shi yaron ya manta da maganar kafin ya kai kwanar gari. Shi kuwa tsoho a ransa ta kwana.

Shekara talatin yana goge teburin wani, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ya 'yan uwa, ku ji tsoron yabon da ya zo wa mutum a makare. Yana shiga kamar ruwa a busasshiyar ƙasa, ba ya fita.

Washegari ya fito da doka. A cire takalmi kafin a hau dakali. Aka ce ba komai, aka cire. Bayan mako ya ce yara kada su shigo, suna lilo da kan famfo. Sai ya ce tsofaffin jarkoki, waɗannan baƙaƙen da aka liƙe da wuta, suna ƙwarzane siminti, a bar su a waje a riƙa juyewa da bokiti. Sai ya ce ruwan da ke zuba yana kawo gansakuka, daga yau awa biyu za a buɗe. Awa biyu ta koma awa ɗaya. Awa ɗaya ta koma ranar Litinin da Alhamis. Kafin damina ta kama, ya cika tanki, ya kashe inji ya ce ya huta, ya datse ƙofa da kwaɗo.

Ga wanda ya fi ba ni dariya, in har abin dariya ne. Ya sayo tamfol ya rufe farantan nan masu shan rana, wai kada rana ta ci launinsu.

Mata suka koma kogi. Suna wucewa ta gefen waya da jarka a ka, suna ganinsa a ciki ya durƙusa da tsumma yana goge famfo ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da yake jiƙa tsumman ma, matarsa ce ta ɗebo shi daga kogi.

Ita matar tasa baiwar Allah ce mai haƙuri, shekara arba'in ba a ji kansu ba. Wata rana ta sauke jarka ta kasa juya wuya. Ta ce, "Malam, wuyana ya ƙage. Ka buɗe mini, jarka ɗaya kawai."

Ya ce, "In na buɗe miki, me zan ce wa matar tela?"

"Ka buɗe mata ita ma."

"Kin ji irinta ko? Haka ake farawa."

Ta ce, "Haka ake fara me, Malam? Shan ruwa?"

Ya ɗauki tsummansa ya fita.

Za ku ce ina mazan garin? Sun je. Dattawa uku suka same shi a ƙofar gida. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar yabo a cikin gilashi, da hatimin gwamnati ja a ƙasanta, don a lokacin har an aiko masa da ita. Ya ce, "Ku karanta. Sauran ƙauyuka nasu duk ya lalace, namu ne kaɗai sabo. Kayan gwamnati ne. Wanda ya taɓa kwaɗon nan, shi da kotu. Kuma in ya lalace, kada ku zaci za a sake ba mu wani." Dattawa suka dubi hatimi, suka dubi juna, suka ce Allah ya kyauta. Suka koma teburin mai shayi suka ci gaba da zancen ƙwallo.

Kuma jami'ai na zuwa. Duk bayan wata biyu ko uku ake aiko wani. Da ya ji ƙarar babur ko mota sai ya yaye tamfol, ya fito da sababbin bokitai goma sha biyu da yake ajiye da su a ƙarƙashin gado, ya jera. Ya murɗa famfo ɗaya, ɗan ruwan da ke kwance a tanki ya zubo, ya yi maza ya rufe. Baƙo ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa komai lafiya, ya duba agogo, ya wuce. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa dakalin da gari guda ke ɗiban ruwa a kansa yake a bushe ƙamas. Su ma suna da nasu kason, ban wanke su ba. Wanda aka aiko ya duba ruwa ya koma bai tambayi mace ko ɗaya ba, me ya duba?

Yara suka fara ciwon ciki. Wannan gida amai, wancan gida gudawa. Aka ce yanayi ne.

Sai ranar da matar tela ta tashi da naƙuda, da rana tsaka. Ungozomar garin, wata gajeriyar tsohuwa mai faɗa, ta ɗauki bokiti biyu ta nufi famfo da sauri. Ta tarar da shi yana shafa wa ƙofa sabon fenti.

Ta ce, "Malam, buɗe mini. Haihuwa ce a hannuna, ina son ruwa mai kyau."

Ya ce, "Kin zo a mugun lokaci, Inna. Fenti bai bushe ba."

"Haihuwa ba ta jiran fenti."

"In na taɓa ƙofar nan yanzu shatin hannu zai fito. Ki dawo gobe, in Allah ya yarda sai a duba."

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi tanki a sama. Ta juya ta tafi. Ta tace ruwan kogi da ƙyalle, ta dafa iyakar yadda lokaci ya bari, ta yi aikinta. Aka haifi namiji. Kwana biyar ya yi a duniya, cibiyarsa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya koma.

Ban ce ruwa ne ya kashe shi ba. Rai na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke karɓa. Amma wanda aka roƙa ya hana, zai yi bayani a inda ba a nuna takardar yabo.

Mai Makulli ya je gaisuwa kamar kowa. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Matar tela tana zaune a tabarma, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Amin, Baba. An gode. Fentin ya bushe?"

Ƙanwata tana wurin. Ta ce tsohon ya sa takalminsa ya fita. Da mai rabo ne, daga nan gida zai wuce ya ɗauko makulli. Shi kuwa ya wuce ya duba ƙofar, ya ga lalle ta bushe.

Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo. Shugabar aikin raya ƙauyukan gaba ɗaya za ta zo da kanta, ta ga famfon da ya fi kowanne, ta ba mai kula da shi lambar girma. Tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Ya jera duwatsu a bakin hanya ya shafa musu farar ƙasa. Ya bi gida gida ya zaɓi mata goma sha biyu, ya ce masu fara'a yake so. Ya tara su ya koya musu yadda za su yi layi, yadda za su riƙe sabon bokiti, yadda za su yi murmushi idan an ɗaga na'urar hoto. Kwana uku ana gwaji da bokiti babu ruwa. Duk abin da ya ce sai su ce, "To, Baba."

Ya 'yan uwa maza da ke saurare daga baya, idan mata goma sha biyu suka ce maka to a lokaci guda, babu ko ɗaya da ta yi gardama, ka binciki kanka.

A bakin kogi aka ƙulla maganar, inda ba namijin da ke zuwa. Ungozoma ta faɗi abin da za a yi. Wasu suka ce suna tsoron kotu. Matar tela ta ce, "Wace kotu? Mun taɓa kwaɗonsa? Ruwa za mu kai wa baƙuwa." Wata ta ce to wa zai shige gaba? Sai matar Mai Makulli, da tun ɗazu take cika jarkarta, ta miƙe ta ce, "Ni. Na fi kowa daɗewa a layin nan."

Ranar ta zo. Da hantsi motoci uku suka tsaya. Shugabar ta fito, mace ce mai shekaru, da tabarau, ba ta da yawan magana. Mai Makulli ya sha manyan kaya, ya yaye tamfol tun da safe, bokitai na jere. Dattawa na kan kujeru. Abu ɗaya ne babu: matan nan goma sha biyu. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce yanzu za su zo, kin san mata da shiri.

Sai ga su. Ba goma sha biyu ba, matan garin ne kaf, daga hanyar kogi, a layi ɗaya, kowace da baƙar jarkarta a ka, ƙafafu duk laka. Ba waƙa, ba guɗa. Suka zo suka sauke a gaban motoci. Matarsa ta kwance kofi daga bakin zane, ta tsiyaya, ta russuna ta miƙa wa shugabar.

Ta ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Kin sha hanya. Ga ruwa."

Shugabar ta karɓa, ta gyara tabarau ta leƙa kofin. Wani ɗan abu yana iyo a ciki. Ta ce, "Na ina ne wannan?"

"Na gidanmu. Na gidan kowa."

"Wannan famfon fa?"

Matar tela ta ce, "Shi ma mukan zo kallonsa, ranki ya daɗe. Yana da kyau."

Shugabar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ajiye kofin ba. Ta juya ga Mai Makulli ta ce ya buɗe ƙofa. Ya buɗe. Ya nufi famfon da ya saba murɗa wa baƙi. Ta ce, "Duka shidan, Baba. Ka bar su a buɗe."

Ya murɗa. Ruwan da ya kusa shekara a kwance cikin tanki ya zubo kore shar, da wani wari da ya sa dattawa suka ja kujerunsu baya. Ya zuba kaɗan, famfunan suka yi tari, suka yi shiru. Ta ce a tayar da inji. Makanikin da ya zo tare da su ya buɗe akwatin kunna inji ya danna. Shiru. Ya duba waya, ya kara kunne a bututu, ya sake dannawa. Shiru.

Ya ce, "Baba, yaushe rabon da a tayar da shi?"

Tsoho ya ɗaga kai, don a nan yana ganin yana da abin faɗa. Ya ce, "Wata goma sha ɗaya. Ko sau ɗaya ban wahalar da shi ba."

Makanikin ya share gumi ya ce, "To shi ya kashe shi. Inji da aiki yake rayuwa. Laka ta kwanta masa, tsatsa ta kama shi a can ƙasa. Na sauran ƙauyukan da kake ji, roba ce ke cinyewa mu sauya a rana ɗaya. Wannan sai an zaro shi an jefar."

Mai Makulli ya dubi shugabar ya ce, "Amma ranki ya daɗe, ki duba da kyau. Ko ƙwarzane babu."

Ta ce, "Na gani. Ba ni makullin."

Ya ciro shi daga wuya, don a igiya yake rataye da shi a ƙarƙashin riga. Ashe biyu ne a igiyar, na ƙofa da na akwatin inji. Ta karɓa ta juya wajen matan, ta ce wa za a ba? Ungozoma ta matso ta ce, "Na akwatin inji a ba mu, mu huɗu za mu riƙa karɓa-karɓa. Na ƙofa kuwa ki tafi da shi, 'yata. Ƙofar za mu cire." Kafin motocin su bar gari, an kira maƙeri ya ɓalle ta. Lambar girman a cikin jaka ta zo, a cikin jaka ta koma.

Kada ku zaci washegari ruwa ya zo. An ce za a kawo sabon inji, sai aka ji shiru, irin shirun da kuka sani. Matan ba su zauna jiran tsammani ba. Suka hau motar kaya su ashirin, suka je ofis a birni, suka zauna a baranda da jarkokinsu. Aka ce shugaba tana taro. Suka ce ba sa sauri. Sau uku suna zuwa, har masu gadi suka san sunayen 'ya'yansu. A mako na bakwai aka kawo inji. Ruwa ya dawo, kuma har yau yana zuwa. Dakalin ya yi baƙi, gefensa ya gutsure, kan famfo an sauya ya fi sau goma, agwagi na wanka a kwatar. Ban taɓa jin wurin da ya yi kyau kamarsa ba.

Saura mutuminmu.

A ranar da aka karɓe makulli, da ya shiga gida ya ce wa matarsa ta tattara nata ta fita, ta tozarta shi a gaban gwamnati. Ta ɗauki kayanta ta tsallaka titi zuwa gidan 'yarsu. Shi kuma ya je teburin mai shayi, a gaban jama'a, ya rantse da Allah cewa shi da ruwan famfon nan har abada, tunda an mai da shi wurin wasan yara.

Ba wanda ya hana shi ruwa, ku riƙe wannan. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Shi ya yanke wa kansa hukunci. Tsoho mai shekara saba'in ya ɗauki jarka ya kama hanyar kogi, hanyar da yanzu ba mai bi, ciyawa ta fara rufe ta. Ranar ya san nisanta. Yana dawowa yana haki, ya wuce ta gefen famfo shida suna zuba, ya kau da kai.

Kullum da safe matar tasa takan cika jarka a famfo ta ajiye masa a ƙofar gida. Kullum sai ya fito ya tuntsurar da ita a gindin katanga. Liman ya je ya same shi ya ce, "Malam, rantsuwa tana da kaffara. Ka yi, ka sha ruwa, ka huta." Ya ce, "In sha, mutane su ce me?" Liman ya ce, "Su ce ka ji ƙishirwa." Bai ji ba.

Damina ta dawo, kogi ya yi ja. Ciki ya fara murɗa masa. 'Ya'yansa suka kai shi asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, likita ya ja masa kunne. Ya dawo ya ɗauki jarkarsa ya koma kogi. Karo na biyu da ya kwanta bai tashi ba.

Matar da ya kora ita ta dawo ta yi jinyarsa. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ta kawo kofi ta tallafo kansa. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Na ina ne?" Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Na famfo ne, Malam. Ka sha don Allah." Ya juya fuska ga bango.

Sai da ya daina gane mutane sannan ta riƙa ɗiga masa da cokali, yana haɗiyewa. Kwana biyu bayan haka ya cika. Da aka tashi yi masa wanka, aka ce a kawo ruwa. Jarkar farko da ta shigo gidan, matar tela ce ta ɗauko ta, daga famfo, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce Allah ya jiƙansa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci ƙusa ɗaya ba. Da za a ƙirga kayan da aka ba shi, da an same su cif. Amma ba ƙarfe aka ba shi amana ba, ƙishirwar mutane aka ba shi, ya kuma ci amanar. Ya yi wa idon baƙo aiki ya bar maƙogwaron maƙwabci. Wannan ita ce riya, kuma ba a salla kaɗai take shiga ba. Tana shiga tsintsiya, tana shiga gwangwanin fenti.

Kada kuma ku ce labarin wani ƙauye ne can. Nawa ne ɗakin shan magani da aka gina aka kulle, gadaje na ciki da ledarsu? Nawa ne ajin da kujerunsa ke ɗakin ajiya, yara na zaune a ƙasa, ana jiran ranar da baƙi za su zo? Duk inda kuka ga haka, akwai mai makulli a kusa, kuma akwai gari guda da ya yi shiru ya bar shi.

Abin da gwamnati ta kawo ƙauye ba ado ba ne, kuma ba alfarma ba ce. Namu ne. Haƙƙinmu ne da ya daɗe a hanya. Mu taka hanyar har ta goge, mu murɗa famfon har ya gaji, yara su zauna a kujerar har ƙafarta ta karye. Mu kula da shi, mu share, mu gyara abin da hannunmu zai iya. Wanda ya fi ƙarfinmu mu hau mota mu je mu faɗa, mu zauna a barandarsu har su fito. Wanda ya ɗaga muku takarda mai hatimi don ya hana ku abin da aka kawo dominku, ku gaishe shi da ladabi, ku wuce ta gabansa. Kuma in baƙo ya zo dubawa, kada ku ara masa murmushi. Ku nuna masa abin da kuke sha.

Ke da aka ba makullin wani abu, ko na ɗakin ajiyar makaranta ne, ki tambayi kanki yau kafin gobe: wa ke tsaye a waje yana jira?

Allah ya kiyaye mu da amanar da za ta zama mana wuta. Allah ya raba mu da aikin ganin ido, da girman kan da ke hana mutum komawa bayan ya gane ya ɓata. Wanda muka hana abin da yake haƙƙinsa, Allah ya ba mu ikon buɗe masa tun muna da numfashi. Shi kuma wancan bawa, Allah ya yafe masa, ya shayar da shi. Amin.